Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Lafiya Na Jihar Jigawa Kan Yaranmu Da Jininsu Ba Ya Tsayawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, Mai Girma Kwamishinan Lafiya, da shugabannin kula da lafiya a matakin farko, da wakilanmu na kwamitin lafiya a Majalisar Dokokin Jiha. Ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Allah Ya taya ku riƙon amanar da Ya ɗora muku.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye na ƙasar Haɗeja, kuma uwa ga yaro mai ciwon da likitoci ke kira hemofiliya, wato jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata. Ina magana ne da yawun iyayen da muka san juna a layin ganin likitan jini a birni, wasu daga ƙasar Gumel, wasu daga Ringim da Kazaure da Dutse. Ina kuma magana da yawun waɗanda suka fi mu yawa, wato gidajen da ake binne 'ya'ya maza ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an taɓa gaya musu abin da ke ɗaukar yaran ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne sanyi ya ƙarato, kuma kowa ya san da hunturu ake tara yara a yi musu kaciya. Har yau a yankinmu ban ji an kira wanzami ko ma'aikacin asibitin ƙauye an yi masa gargaɗi a kan irin yaranmu ba.

Ku yi mini uzuri in ɗan bayyana ciwon, ba don ba ku san shi ba, sai don iyayen da za su karanta wannan a waya. A cikin jini akwai sinadarai da ke haɗuwa su toshe rauni, likitoci sun sa musu lamba. Wanda aka haifa da ƙarancin na 8, shi ne mai hemofiliya A, ita ce ta fi yawa. Mai ƙarancin na 9 kuma yana da hemofiliya B. Jinin irin wannan yaro bai fi na kowa gudu ba. Yakan ma tsaya da fari, a ɗauka an rabu da ƙaya, sai tsakar dare ko washegari ya ɓalle, kamar datsiyar da mai noman rani ya yi da yashi zalla. Idan sinadarin bai kai kashi 1 cikin 100 na yadda ya kamata ba, jini kan taru a gwiwa ko idon sawu ko gwiwar hannu ba tare da yaro ya faɗi ko ya bige ba. Wannan jinin na ciki, wanda ido ba ya gani, shi ke cinye gaɓa sannu a hankali har yaro ya gurgunce.

Ciwon ba sabo ba ne, kuma ba na wata ƙabila ba ne. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, babban likitan Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, ya rubuta labarin wasu mazaje da ƙaramin rauni ke kashewa saboda zubar jini. 'Ya'ya da jikokin Sarauniya Biktoriya ta Ingila mata sun kai shi gidajen sarautar Rasha da Sifaniya da Jamus. Ƙiyasin da ake aiki da shi a duniya shi ne, cikin jarirai maza 5,000 ana samun kusan ɗaya mai hemofiliya A. Ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum fiye da miliyan 4.3. Ko da wancan tsohon adadin aka yi lissafi, maza sun haura miliyan 2, ke nan ɗaruruwan yara ake magana. Amma mu da ke haɗuwa a layin likita ba mu taka kara mun karya ba, duk mun san fuskokin juna. To ina sauran? Abin da na gani a danginmu ya nuna mini inda suke. Wasu suna maƙabarta. Wasu suna jan jiki a tsakar gida, ana cewa sanyin ƙashi ne, ko jifa aka yi musu.

Kukanmu na farko shi ne ba a tambaya. Ina yarinya ƙanena ya rasu bayan kaciya. An yi ta canza tsumma, an barbaɗa magani, an kawo rubutu, jini bai fasa ba har rai ya yi halinsa. Kafin shi, in ji manya, wani kawunmu ya tafi ta wannan hanya bayan cire haƙori. Babu wanda ya haɗa mutuwar biyu. Da na haifi nawa ɗan, aka cire masa belu kafin suna kamar yadda aka saba, bakinsa ya yini ya kwana yana tsiyaya. A asibitin da aka kai mu an yi masa ƙarin jini, Allah Ya saka wa waɗanda suka yi, amma har aka sallame mu ba wanda ya ce da ni, "Baiwar Allah, an taɓa yin irin wannan a danginku?" Da an tambaya, amsar tana bakina.

Tambayar nan ba ta cin ko sisi. A dangin uwar yaron, akwai namijin da jininsa ya taɓa ƙin tsayawa? Da yaron ya fara rarrafe, yana yawan yin tabon taruwar jini a gwiwa da goshi? Wurin allura yana kumbura ya daɗe? Dasashinsa yana jini ba ƙaƙƙautawa lokacin famfara? Dole a haɗa da waɗannan alamu, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon, su ne farau a danginsu. Kuma ina so a fahimce ni game da wanzamai. Ba abokan gabarmu ba ne, gadonsu suke yi, kuma su ne suka fi kowa kusa da jarirai a karkara. Ko a asibiti aka yi kaciyar, idan ba a bincika ba, jinin haka zai zuba. Yaro mai hemofiliya ana iya yi masa kaciya lafiya lau, amma a gaban likita, bayan an ba shi sinadarin da jininsa ya rasa, a kuma ci gaba da ba shi har wurin ya warke. Malaman da muka tuntuɓa ba su yi wata-wata ba wajen cewa kare rai yana gaba, a jinkirta har a samu hali.

Na biyu, gwaji ya yi mana nisa. Akwai gwajin farko da ake kira APTT, mai auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Ba wani gagarumin abu ba ne, ƙaramar na'ura ce da sinadari da ma'aikacin da ya iya. Shi ke nuna cewa akwai matsala, sannan gwaji na biyu ya faɗi wane sinadari ne ya yi ƙaranci, kuma kashi nawa ya rage. Mu sai da muka sha yawo daga wannan asibiti zuwa wancan, ana gwada yaron sikila ana cewa ba shi da ita, kafin muka dace da likitan da ya tura mu inda aka gano. Kafin nan gwiwarsa ta dama ta riga ta fara lalacewa. Jama'a da yawa kuma suna zaton gwajin jinotayif da ake yi kafin aure ya wadatar, alhali ba ya nuna hemofiliya ko kaɗan.

Rashin gwajin nan ba jinkiri kawai yake jawowa ba, yana rufe ƙofar magani gaba ɗaya. Maganin mai A daban, na mai B daban, likita ba zai yi kirdado ba. Bugu da ƙari, mafi yawan abin da yaranmu ke samu kyauta ce daga Ƙungiyar Hemofiliya ta Duniya, wadda ke shigowa ta hannun Gidauniyar Hemofiliya ta Najeriya zuwa cibiyoyin jinya, kuma ana bayarwa ne ga wanda aka gwada aka rubuta sunansa. Yaron da ba a gwada ba, ko da maganin yana jibge a firji, babu rabonsa a ciki.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin cutarwa ce da ake yi da kyakkyawar niyya. Gwiwa ta kumbura, sai a kai yaro wurin mai ɗori ya murza ya ɗaure, jini ya ƙara ɓallewa a ciki. Ko a ce ƙurji ne ya nuna, a yi sakiya. Ko a ce mataccen jini ne, a kafa ƙaho. Idan an tsallake waɗannan, sai a faɗa hannun mai kemis, ya haɗo asfirin da ibufurofen da dikulofenak, waɗanda duk suna ƙara zubar jini, ya kuma caka allura a ɗuwawu, wurin ya zama wani sabon ciwo. Farasitamol ne ya dace da zafin, da hutar da gaɓar, da sanyaya ta, da ɗaga ta sama, kafin a kai ga magani. Wannan ilimi bai fi cikin takarda guda ba, amma mu sai bayan ɓarna muka same shi. A matsayina na malama zan ƙara da abin da nake gani: bulala a aji da makarantar allo, da dungurin wasa, suna iya kwantar da irin wannan yaro mako guda, ko su kai shi lahira idan a ka ne.

Na huɗu, nisa da lokaci. Ƙa'idar masana ita ce a ba yaro maganin cikin awa 2 da fara zubar jinin. Idan a ka ne, ko wuya, ko ciki, to ko mintuna ma suna da tsada. Daga ƙauyenmu sai an hau babur zuwa bakin titi, a jira mota ta cika, sannan a kama hanyar birni da yaro yana ihu a kan cinya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin motar kaɗai ya isa ya sa uba ya ce a dakata a ga abin da gobe za ta yi. Da damina kuwa kun fi ni sanin halin da ƙasar Haɗeja ke shiga. A ambaliyar 2022 akwai garuruwan da sai da kwalekwale ake fita. Ajiye maganin a gida ma ba ya yiwuwa ga yawancinmu, domin yana son sanyi, bazararmu kuwa zafi kan haura digiri 40. Wani lokaci kuma a sha duk wannan wahala a je, a tarar kyautar ta ƙare, ta gaba ba ta iso ba. Mun gode wa masu bayarwa, amma ba daidai ba ne ran ɗan Jigawa ya dogara kacokan da alherin mutanen da ba su taɓa jin sunan garinsu ba.

Na biyar ya shafi mu mata. Ciwon yana bin ɗiya mace ne ya bayyana a ɗanta namiji. Uwar da ke ɗauke da shi, kowane ɗa namiji da ta haifa yana iya gado, yana iya tsira, rabi da rabi ne. Namiji mai ciwon kuwa ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka. Da wannan bayani ya isa kunnen dangin miji a gurguje, sai ya zama makami. Na san matar da aka saka bayan ta binne ɗa na biyu. Na san wadda aka yi wa ƙazafin maita, aka ce ita ke lashe 'ya'yanta. Babu wadda ta zaɓi abin da Allah Ya halicce ta da shi, kuma babu sammu ko iska a ciki. Sannan su kansu matan da ke ɗauke da shi, wasunsu suna fama da yawan jinin al'ada da zubar jini bayan haihuwa. Akwai ma wani ciwon ɗan'uwansa, wanda likita Erik von Willebrand na ƙasar Finlan ya bayyana a 1926, ya fi hemofiliya yawa kuma yana kama maza da mata. Budurwar da ke kwana goma tana jini duk wata har ta ɗashe, kunya ba ta barinta ta faɗa, ungozoma kuma ba a koya mata ta yi zargin komai ba.

Ranku ya daɗe, abin da ya sa wannan hali ya fi zafi shi ne duniya ta yi nisa. A da, yaro mai ciwon mai tsanani da wuya ya kai balaga, ko a Turai. A tsakiyar shekarun 1960 wata masaniya a Amurka, Judith Pool, ta gano yadda ake tace sinadari na 8 daga ruwan jinin da aka daskarar. A 1992 aka fara samun wanda ake haɗawa a masana'anta ba tare da jinin mutum ba. A 2017 Amurka ta amince da allurar Hemlibra, wadda aka ƙirƙiro a Jafan. Ita ba a jijiya ake yinta ba, a ƙarƙashin fata ne, sau ɗaya a mako, ko a mako biyu, ko ma a mako huɗu, kuma tana hana jinin ɓallewa tun kafin ya fara ga mai hemofiliya A. Duk uwar da ta taɓa riƙe ƙaramin yaro ana laluben jijiya a hannunsa ta san girman wannan sauƙi. A watan Nuwamban 2022 kuma aka amince da Hemgenix, wanda ake ɗura wa baligi mai hemofiliya B sau ɗaya tak, ya kai gyararren ƙwayar gado cikin hanta, hantar ta fara sarrafa sinadari na 9 da kanta. An sa masa farashin dala miliyan 3.5, wato biliyoyin naira a kan mutum guda. Yau a ƙasashe masu hali, yaro mai hemofiliya yana zuwa makaranta, yana iyo, yana tsufa kamar kowa.

Ba mu zo roƙon maganin dala miliyan 3.5 ba. Mun san jihar nan tana fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wurin haihuwa, kuma kuɗin ba su isa ba. Amma ban yarda da hujjar cewa ciwon da bai yawaita ba sai ya jira ba, domin yawancin abin da muke buƙata yana hawa ne kan abin da kuka riga kuka gina.

Muna roƙon ku, kafin komai, ku sauko da tambayoyin nan zuwa hannun masu aska. Ku bi ta masarautun nan biyar, ta hakimai da dagatai da masu unguwanni da sarakunan aska, kamar yadda aka bi lokacin yaƙi da shan inna har aka ayyana Afirka ta rabu da ita a 2020. A tara wanzamai da ungozomomi da masu ɗori da masu kemis, a koya musu alamun, a gaya musu inda za su tura yaro. A buga takarda guda da boko da ajami a manna a kowane asibitin mazaɓa. A bar cire belu ga jarirai, ga mai ciwon da marar shi. Limamai su taɓo zancen a huɗuba, musamman batun ɗora wa uwa laifi, domin abin da liman ya faɗa ranar Juma'a ya fi shiga kunnen surukai.

Muna roƙon a samar da gwajin APTT a manyan asibitocin Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, tare da sinadarin da ba zai yanke ba, domin na'ura ba sinadari ado ce kawai. Gwaji na biyu kuma a haɗa kai da asibitin koyarwa na Rashid Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ya zama jinin ne ke tafiya cikin sanyi, ba uwa da yaro ba. Duk wanda aka tabbatar, a rubuta shi a rajistar jiha, a ba shi katin da zai riƙa yawo da shi, mai nuna irin ciwonsa da abin da ba a yi masa. Da wannan rajistar ce za ku iya zama da masu ba da kyauta ku nemi kason Jigawa da hujja, da ita ce kuma za ku san abin da za ku sa a kasafi.

Maganin ya matso kusa. Firji masu aiki da hasken rana da ake ajiye alluran rigakafi sun nuna cewa ana iya riƙe sanyi a karkara. A ware wa maganin yaranmu nasa wurin a manyan asibitocin yanki, a horar da nas ko biyu a kowanne, a kuma koya wa iyayen da suka iya yadda za su yi wa yaro allurar da kansu, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. Akwai kuma tiranezamik asid, magani mai araha da ke taimakawa wurin jinin baki da haɓo da jinin al'ada idan likita ya rubuta. Babban binciken da aka fitar a 2017, wanda asibitocin Najeriya suka shiga, ya nuna yana rage mutuwar mata daga zubar jinin haihuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa 3. Sayensa ɗaya, amfaninsa biyu, bai kamata a rasa shi a ko wane ɗakin haihuwa ba.

Game da kuɗi, sinadarai na 8 da na 9 sun daɗe a jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusun masu rauni. Muna roƙon a sa duk yaron da aka tabbatar yana da ciwon cikin masu cin gajiyar hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, gwaji da jinya da gashin ƙashi su zama kyauta gare shi. A kuma ware wani abu a kasafin jiha, komai ƙanƙantarsa, don sayen maganin gaggawa na ranar da kyauta ta yanke. Ma'aikatar ilimi ita ma a rubuta mata, malamai su san akwai yaron da ba a duka.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Da yawa daga cikinmu sun yarda a fara rubuta sunayen 'ya'yansu. Akwai iyaye mata da suka ce za su shiga gidajen rediyon Dutse da Haɗeja su ba da labarinsu da bakinsu, akwai kuma uban da ya ce zai bi ma'aikatanku ƙauye-ƙauye ya yi wa 'yan'uwansa maza magana. Ranar 17 ga Afrilu ce ranar hemofiliya ta duniya, muna so ta riske mu da rajistar da aka buɗe da kuma asibiti ko da ɗaya a kowace masarauta da ke yin gwajin farko. Muna roƙon ku sa mana rana mu zo da yaran ku gan su, ku kuma sa likitan jini a zaman, sannan ku ba mu amsa a rubuce kan abin da za a fara da shi da kuma lokacin farawa.

Allah Ya ba ku ikon yi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Wata uwa kuma malamar firamare, daga ƙasar Haɗeja, a madadin iyayen yara masu hemofiliya